RA'AYI: Tsohon Wasan Zelda Da Amsar Da Ta Zama Ta Banza

A ranar 21 ga Fabrairu, 1986, kamfanin Nintendo ya fitar da wasan The Legend of Zelda a Japan, shekara guda bayan haka ya isa Amurka cikin kaset mai ruwan zinare. Wasan yana buɗewa ne da wani yaro mai suna Link tsaye a fili, hannunsa babu makami, ga hanyoyi uku, ga kuma bakin kogo. A cikin kogon wani tsoho zai miƙa masa takobi ya gargaɗe shi da haɗarin tafiya shi kaɗai. Iyakar jagorancin ke nan. Sauran ƙasar Hyrule, wadda aka yanka ta allo 128, da gidajen ƙarƙashin ƙasa tara da ke cikinta, sai mai wasa ya lalubo su da kansa, da taimakon 'yan kalmomin da tsofaffi ke jefa masa a dunƙule.

Wasan ya sake dawowa hannun matasa ta na'urar NES Classic ta 2016 da kuma tsarin Nintendo Switch Online da aka fara a 2018. Hukuncin da ake yawan yanke masa a yau shi ne, ba ya bugawa sai da waya a gefe, ana duba amsa a intanet taki bayan taki. Akwai gaskiya a wannan ƙorafi, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, kuma wanda ya ɗauke shi hujjar buɗe amsa tun daga allon farko ya biya kuɗin tuwo ne ya tashi da kwano.

Yawancin maganganun tsofaffin Hyrule kacici-kacici ne na halal, wato irin wanda amsarsa ke kwance a cikin tambayarsa. A gida na biyu an ce dodon nan Dodongo ba ya son hayaƙi. Takobi ba ya cin fatarsa, abin da ke tayar da hayaƙi a jakar Link kuwa bam ne kawai, saboda haka mai tunani zai ajiye masa bam a gaba ya haɗiye. Wanda ya fi wannan daɗi shi ne na gida na bakwai. Wani tsoho a gida na shida yana cewa akwai asiri a inda aljanu ba sa zama. Mai wasan da ya yi yawo sosai ya riga ya san tafkuna biyu da 'yar aljana ke warkar da shi a bakinsu, ya kuma taɓa wuce wani tafki mai kama da su sak, amma wayam. Idan ya koma can ya busa sarewar da ya samo a gida na biyar, sai ruwan ya ƙafe, matakala ta bayyana. Babu abin da aka ɓoye masa. An dai nemi ya tuna abin da idonsa ya gani, ya haɗa shi da abin da kunnensa ya ji. Wanda ya karanta amsar a intanet zai shiga gidan cikin minti biyu, amma abin da aka gina tafkin dominsa ya wuce shi har abada, domin kacici-kacici ba ya ciwuwa sau biyu.

A dandalin Hausa, wanda kacici-kacici ya gagara ba ya samun amsa haka kawai. Sai ya sallama, ya ba da gari, mai tambaya ya gama cin garinsa da baki, sannan ya faɗi. Sallamawa tana da farashi, ko da na wasa ne, kuma farashin ne ke sa yaro ya ƙara matsa ƙwaƙwalwarsa kafin ya saki. Masu ƙirƙirar Zelda, Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka, sun saka irin wannan ciniki a cikin wasan kansa. Akwai tsohuwar da ba ta buɗe baki sai an biya ta. Idan aka ba ta kaɗan ta ce bai isa ba, idan aka zuba mata da yawa ta yi mamakin arzikin yaro ta yi shiru, sai wanda ya dace da adadin ne zai ji hanyar ratsa dajin ɓata: arewa, yamma, kudu, yamma. A wajen wasan ma haka abin yake. Miyamoto ya sha bayyana cewa ya so yara su riƙa tambayar juna, su yi musayar abin da kowa ya gano. A Amurka, Nintendo ya ajiye ma'aikata a Redmond ta jihar Washington waɗanda aikinsu amsa wayar waɗanda suka maƙale, mujallar Nintendo Power da ta fara fita a 1988 kuma sai an saya an jira fitowarta. Ko ta ina aka bi, amsa tana cin kuɗi, ko lokaci, ko ɗan zubar da girma a gaban aboki.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa ba kowace magana a waɗannan wasanni ce ta cancanci wannan haƙuri ba. Wasu sun lalace a hanya tsakanin Japan da Amurka. Littafin bayanin Zelda na Turanci ya ce wata halitta mai manyan kunnuwa, Pols Voice, ba ta son ƙara. A Japan maganar daidai take, domin madannin hannu na biyu na Famicom yana da makirufo, ihu a cikinsa yana hallaka ta. NES ta Amurka ba ta da makirufo, sai yara suka yi ta busa sarewa a banza, alhali kibiya ce maganinta. Haka tsohon gida na farko: a Japananci yana gargaɗi ne cewa kibiya ba ta harbuwa idan kuɗi ya ƙare, bayani mai amfani ƙwarai, a Turanci kuwa aka sa masa wata magana a kan zirin ƙasa na can gabas wadda har yau ake gardamar abin da take nufi.

Wasan Castlevania II: Simon's Quest na kamfanin Konami, wanda ya fita a Japan a 1987 da Amurka a 1988, shi ne ya kai wannan matsala maƙura. Simon yana yawon tattara sassan jikin Dracula guda biyar, mutanen ƙauyuka kuma suna ba shi labarai, wasu gaskiya, wasu ƙarya da gangan, tun a asalin Japanancin. Fassara ta zo ta ƙara dagula ruwan, har mai wasa ya kasa bambance maƙaryaci da wanda aka murguɗa wa harshe. Ga kuma sanannen wurin nan, dutsen Deborah, inda hanya ta ƙare. Abin da ake so shi ne Simon ya riƙe jan ƙarau, ya durƙusa a gindin dutsen na 'yan daƙiƙoƙi, guguwa ta zo ta ɗauke shi. Wani mutumin gari kuwa shawarar da yake bayarwa ita ce a buga kai a jikin dutsen. Wanda ya duba intanet a nan bai yi asarar komai ba, domin babu zaren da hankali zai bi ya isa.

Matsalar ita ce sabon mai wasa ba shi da hanyar sanin wace magana ce ta halal, wace ce ta lalace, kuma da zarar ɗaya ta cuce shi sai ya daina yarda da sauran. A nan ne laifin kamfanoni yake. Zelda na 1987 ya zo da littafin bayani mai kauri da taswirar da aka cike wani sashe nata aka bar sauran ga mai wasa. Takardun nan rabin wasan ne. Da aka sake fitar da shi a Switch, abin da aka fi tallatawa shi ne damar ajiye wasa a ko'ina, da mayar da lokaci baya wanda aka ƙara a 2019, da wani bugu na musamman da Link ke farawa da kuɗi da kayan yaƙi jingim. Duk waɗannan suna rage zafin faɗa ne, alhali abin da ke tsayar da mutane rashin sanin inda za su nufa ne. Taswirar asali a cikin wasan, da ɗan gajeren gargaɗi a kan maganganu uku ko huɗu da fassara ta ɓata, da sun fi amfani nesa ba kusa ba.

Cewa wannan salo bai mutu ba, masu ƙirƙira sun fi 'yan kasuwa ganewa. Ma'aikatan da suka yi Breath of the Wild na 2017 sun fara gwada dabarunsu ne a wani ɗan samfuri mai kamannin Zelda na farko. Wasan Tunic na 2022 kuwa ya mayar da littafin bayanin kansa abin nema: shafukansa a warwatse suke cikin daji, yawancin rubutun da wasu haruffa ne da mai wasa bai iya karantawa ba, kuma mutane sun yi ta taruwa suna warware shi tare.

Mai niyyar shiga Hyrule ta 1986 a yau zai fi cin riba idan ya nemi littafin bayanin asali, wanda Nintendo ya sanya a intanet lokacin fitar NES Classic, ya tanadi takarda da biro yana zana allon da ya wuce, ya kuma samu aboki ko ƙane da za su riƙa bi tare suna kwatanta abin da kowa ya tarar. Idan wuri ya gagara, ya ba shi kwana biyu kafin ya ba da gari. Ƙofar gida na takwas tana ƙarƙashin wani kurmi ɗaya tilo da ya tsaya a tsakiyar hanya, kuma duk wanda ya riƙe kyandir ya wuce ta wurin sau uku zai fara zarginsa.