Ra'ayinmu: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Duk wanda ya bi rafin Jakara tun daga cikin birnin Kano har madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir, ba sai an gaya masa halin da ake ciki ba, hancinsa ya isa shaida. Kwatamin gidaje da jinin mayanka duk a cikinsa suke ƙarewa, sa'an nan rafin Getsi ya ƙaro masa dagwalon masana'antun Bompai, har da gubar kuromiyam ta majemu. Da wannan ruwa kuwa ake ban-ruwan latas da kabejin da muke saye a kasuwa.

Ba rashin kuɗi ne ya kawo haka ba. Tun 1981 Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun gyaran muhalli. A Disambar 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, na farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Abin tambaya shi ne, nawa ne ke isa hannun mazauna bakin rafi?

Mu dubi maƙwabtanmu. A Keita ta jihar Tawa, a Jamhuriyar Nijar, an soma wani aiki a 1984 da gudummawar ƙasar Italiya. Mutanen karkara, galibinsu mata, su suka jera duwatsu, suka haƙa ramukan tare ruwa, suka dasa itatuwa, har feƙo ya koma gona. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka muna kira da a ware wani kaso a riƙa bai wa ƙungiyoyin unguwa da na manoman rani kai tsaye, domin yashe magudanai, da kwashe shara, da dasa itatuwa a gaɓa. Amma da sharaɗi biyu: a kafe lissafin kuɗin a ƙofar mai unguwa kowa ya gani, a kuma auna ruwan kafin aiki da bayansa. Har wa yau, lalle a tilasta wa masana'antu tace dagwalonsu, domin aikin gayya ba ya kawar da guba.

Ɗalibai, awon ruwan nan aikinmu ne. Ku kuma matasan ma'aikata, ta teburinku takardun neman taimakon za su bi. Kada ku bari su kwana a aljihun tebur, domin gobe ku ma daga lambun nan za ku ci.