Lambobin Nobel Uku a Cikin Buhun Taki

Duk ranar Alhamis da damina ta kusanto, buhunan takin zamani na daga cikin kayan da ake rububi a kasuwar Maigatari. Manomin da ya taso daga Gagarawa ko Sule Tankarkar ya sayi buhun yuriya, da wuya ya san cewa abin da ya ɗaura a bayan babur ɗinsa ya ci lambar yabo ta Nobel har sau uku. Labarin wannan buhu ya isa a auna darajar irin waɗannan lambobi, a kuma ga iyakarsu.

Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, sinadarin da gero da dawa suke buƙata don su yi kore, amma tsiro ba ya iya zuƙarsa kai tsaye daga iska. A 1909 wani Bajamushe, Fritz Haber, ya nuna yadda za a haɗa naitirojin da haidirojin cikin zafi da matsi mai tsanani a samu amoniya, wadda daga gare ta ake yin yuriya. Wannan ya ba shi lambar Nobel ta 1918. Carl Bosch, wanda ya mayar da gwajin ya zama masana'anta a 1913, ya karɓi tasa a 1931. Sai a 2007 Gerhard Ertl ya samu ta uku, bayan da ya fayyace yadda haɗuwar take faruwa a kan fuskar ƙarfe. Masana'antar takin Dangote da aka buɗe a Legas a 2022 a kan wannan tubali take tsaye.

To amma lambar yabo shaida ce a kan abin da mutum ya gano, ba ta wanke halinsa. Haber ɗin nan shi ne ya jagoranci sakin iskar kulorin mai guba a kan sojoji a Ypres ta ƙasar Beljiyam a watan Afrilu na 1915. Shi ya sa ba shi lambar ya jawo ce-ce-ku-ce tun a wancan zamani. Ilmin da ya ciyar da biliyoyin mutane da wanda ya shaƙe dubbai daga kai ɗaya suka fito.

Iyaka ta biyu ta fi shafar ƙasar Gumel. Ana ba da lambar ne a Sitokholm, kuma ba ta bin buhu zuwa gona. Yuriya tana ɗauke da kashi 46 cikin ɗari na naitirojin, sai dai idan aka watsa ta a saman ƙasa cikin zafin rana, wani ɓangare yakan koma amoniya ya bi iska. Idan kuma ruwa mai ƙarfi ya sauka a jigawa, ƙasar yashi da ba ta riƙe abu, sai ya wanke wani ɓangaren zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. Manomi ya sayar da akuya ya sayi taki, ƙarshe iska da ruwa su raba gado.

Maganin wannan asara sananne ne, kuma daga yankin Sahel aka tace shi. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore a Nijar sun nuna amfanin sanya ɗan taki kaɗan a ramin shuka maimakon watsa shi. Binne taki, haɗa shi da takin gargajiya, shuka wake tsakanin gero, da barin itacen gawo a gona, duk suna ƙara wa ƙasa naitirojin ko su taimaka mata ta riƙe shi. Kakanni sun san albarkar gindin gawo tun kafin a haifi Haber. Kimiyyar sinadarai ta zo ne ta bayyana dalili.

A nan ne ya kamata a sake duban wanda ake girmamawa. Kamfanin NLNG yana ba da lambar kimiyya ta ƙasa tun 2004, kuma abin a yaba ne. Amma malamin da ke koyar da sinadarai a Kwalejin Ilimi ta Gumel, da malamin gona da ke gwada ƙasa ya gaya wa manomi abin da gonarsa ta rasa, su ne ke kai binciken Haber inda zai zama hatsi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin nan huɗu za su fi cin riba idan suka ware wani abu daga kuɗin tallafin taki suka kafa ɗakin gwajin ƙasa mai aiki, suka kuma sanya lambar yabo ta shekara-shekara ga malamai da ɗaliban da suka warware wata matsala ta gonakin yankin.

Ahmed Zewail, ɗan Masar da ya ci Nobel a 1999, a makarantun ƙasarsa ya fara, kafin ya tafi Amurka. Yaron da ke Gumel a yau zai iya bin sawunsa, muddin akwai kwalabe da sinadarai a ɗakin gwajin makarantarsa.