Daga Bakin Allo: Yarinya Mai Sayar da Jarida

A watan jiya mun tara 'yan ajinmu a makaranta bayan la'asar, muka nuna musu wani ɗan gajeren fim na ƙasar Senegal mai suna La Petite Vendeuse de Soleil, wato yarinya mai sayar da jaridar Soleil. Djibril Diop Mambéty ne ya shirya shi da harshen Wolof. Ya rasu a 1998, fim ɗin ya fito a 1999.

Labarin wata yarinya ce gurguwa, Sili, mai tafiya da sanduna biyu, tana bara a birnin Dakar, kakarta kuma makauniya. Ran nan samari masu tallar jarida suka bangaje ta ta faɗi. Da ta tashi sai ta ƙudura ita ma jarida za ta sayar. Wani mutum ya saye jaridunta duka, ya ba ta sefa 10,000, ɗan sanda ya zarge ta da sata, ta tsaya ta kare kanta. Daga baya samarin suka ƙwace mata sanda, abokinta ya goya ta suka ci gaba.

Da aka kunna fitila, wani yaro ya tambaye mu, "Malam, me ya sa ba guragu a ajinmu?" Muka rasa amsa. Gaskiya ita ce suna nan cikin zangonmu, amma a ƙofar masallaci muke ajiye su ranar Juma'a da ƙoƙo a hannu. Bara mun rasa wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa da shan inna ya taɓa. Iyayenta suka ce hanya ta yi mata nisa, mu kuwa ba mu bi sawu ba. Laifin har da mu.

A nan Ghana, Emmanuel Ofosu Yeboah ya ratsa ƙasa a kan keke da ƙafa ɗaya a 2001, aka yi fim a kansa a 2005, majalisa kuma ta zartar da dokar naƙasassu a 2006. Doka dai ba za ta shiga gida ta ɗauko yaro ba.

Iyaye, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. In an koma hutu ku kawo su a rubuta sunansu. Benci na gaba nasu ne. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.