Tafkunan da ke malala a ƙarƙashin ƙanƙara

Mai karatu zai yi mamaki in aka ce masa a Antatika, can ƙurewar kudancin duniya, inda sanyi ya fi na ko'ina, akwai ruwan da bai daskare ba. Amma haka abin yake. Ƙanƙarar da ta lulluɓe nahiyar tamkar bargo ce: tana tsare ɗumin da ke fitowa daga cikin ƙasa, nauyinta kuma yana hana ruwa saurin daskarewa. Ta haka ne gindinta ke narkewa sannu a hankali, ruwan ya taru a kwaruruwa.

Babbansu shi ne tafkin Bostok, mai tsawon kilomita wajen 250. Sai a shekarar 1996 aka tabbatar da girmansa, Rashawa kuwa ba su kai ga ruwansa ba sai a watan Fabrairun 2012, bayan sun haƙa mita 3,769. A ƙidayar 2022, irin waɗannan tafkuna 675 aka sani a Antatika.

Da fari masana sun ɗauka kowane tafki a kulle yake, ba shiga ba fita. Ashe ba haka ba ne. A 2006 Duncan Wingham na Ingila da abokan aikinsa suka bayyana abin da tauraron ɗan Adam ya auna tsakanin 1996 da 1998: doron ƙanƙara ya lotsa mita 3 a wani wuri, ya kuma ɗago mita 1 a wani wurin mai nisan kilomita 290. Wato wani tafki ne ya ɓalle, ya juye wa 'yan'uwansa ruwan da ya kusa cika madatsar ruwa ta Tiga, cikin wata 16, ba wanda ya gani. Saboda tsananin danniya, ruwan nan har tudu yakan hau.

To, ina ruwan mutane da wannan? Ruwan yana sa gindin ƙanƙara santsi. Tsakanin 2005 da 2007, da wasu tafkuna biyu suka amayar da ruwansu, kogin ƙanƙara na Byrd ya ƙara gudu da kashi 10 cikin 100 fiye da shekara guda. Ƙanƙarar da ta sulale daga tudu ta faɗa teku kuwa ita ke ƙara masa tsawo, ga biranen gaɓa irin su Ikko suna zaune dab da bakin ruwa.