Jatan landen da ba shi da ido

Ranar da na gaya wa abokan ɗakina cewa dokar Amurka tana kare wani jatan lande da tsawonsa bai wuce santimita 3 ba, sai da ɗaya ya kusa faɗowa daga kan gado don dariya. "Kai malam, ƙoshi ne ke damun su," in ji shi. Ni kuwa na ce ba ƙoshi ba ne, kuma har yanzu ina kan bakata.

Wannan halitta tana zaune ne a ruwan da ke gudana cikin kogon Mammoth da kogunan da ke kewaye da shi, a jihar Kentucky, ba a samun ta ko'ina a duniya sai can. Ba ta da ido, don ba haske a inda take, jikinta kuma garau kamar gilashi. Daga 1967 aka daina ganin ta har aka ɗauka ta ƙare, sai a 1979 aka sake cin karo da ita. A 1983 aka sa ta cikin jerin halittun da ke gab da ɓacewa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda haɗarin yake fitowa. Kogon yana cikin gandun gwamnati, da ma'aikata masu tsaro. Amma ruwan da jatan landen ke rayuwa a ciki, da ɗan abincin da ruwan ke kawo masa, yawanci daga wajen gandun suke zuwa. Ƙasar wurin irin dutsen da ake yin siminti da shi ce, duk ramuka. Ruwan sama na sauka a gona ko a kan titi, sai ya zurara ƙasa kai tsaye ba tare da ya tacu ba. Taki, maganin feshi, man mota, ruwan masai, duk hanyarsu ɗaya. To mai gadin ƙofar kogo me zai tare? Shi ya sa in jatan landen nan ya fara mutuwa, ba shi kaɗai abin ya shafa ba, labarin ruwan yankin ne gaba ɗaya yake bayarwa.

Na san wani zai ce mu da ke fama da kuɗin makaranta, ina ruwanmu? Gaskiya ne, kuma ƙasarmu a nan ba irin tasu ba ce, ta fi tace ruwa. Amma ruwan ƙarƙashin ƙasa ko'ina daga sama yake zuwa. Gidan hayar da na zauna a shekarar farko, taku kaɗan ne tsakanin rijiya da shadda, kuma damina ba ta wucewa sai wani ya kwanta da ciwon ciki.

Mu ba mu da jatan landen da zai yi mana gargaɗi, amma muna da ɗakin gwaje-gwaje da ɗaliban kimiyya. Roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu: a riƙa gwada ruwan burtsatsen ɗakunan kwana kowane zango, a manna sakamakon a allon sanarwa. Wanda ya yi mini dariyar nan ma ya ce zai ɗebo samfurin farko.