Rabon Keken Ɗinki Ba Ya Gina Ƙasa

Akwai wata al'ada da ta shigo ƙasar nan, har ta zauna da gindinta. Da zarar an ji kukan rashin aikin yi ya yi yawa, sai a kafa rumfuna a wani fili, a jera kujeru, a kirawo makaɗa da 'yan jarida. Sa'an nan a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe da babura, wani babba ya tashi ya yi jawabi, ya miƙa wa kowa nasa, a ɗauki hoto, a watse. Kashegari sai ka ji a rediyo wai an koya wa matasa dogaro da kai. Amma kowa ya sani, kafin mako ya zagayo da yawa daga cikin kekunan nan sun isa kasuwa, an sayar da su a rabin kuɗinsu. Masu iya magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

To, jama'a, ni dai ina ganin wannan hanya ɓata ce, ko da niyyar masu yi kyakkyawa ce. Abin da ya sa na ce haka kuwa shi ne, an yi kuskuren gane ciwon. Masu rabo suna zaton talakan Kano himma ce ya rasa, ko dabara, ko sanin ciniki. Alhali kuwa duk yana da su tun kaka da kakanni. Abin da ya rasa shi ne wuta, da bashi mai sauƙi, da haraji na adalci, da doka wadda ba ta juyawa kowace shekara. Waɗannan kuwa ba a raba su a rumfa.

Bari mu waiwaya baya kaɗan, don da tsohuwar zuma a ke magani. A cikin 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanenmu su ka sani da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano. Ya iske gari na masaƙa da marina da dukawa. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa waje kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, ya kuma ce ana kai su har Tumbutu da Gat da Tarabulus. Fatar jan akuyar ƙasar Hausa kuwa ta bi ayari ta ƙetare Sahara, har Turawa su ka riƙa kiranta fatar Maroko, don a can su ke sayenta. Wa ya raba wa masaƙan nan ƙoshiya? Wa ya raba wa marinan Ƙofar Mata baba? Abin da sarauta ta yi shi ne ta tsare hanya, ta tsare kasuwa. Tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Kasuwar Kurmi ta ke ci.

Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, Turawan Ingila auduga su ke so a noma musu, don masaƙunsu na Lankasha. Amma manomi ya yi lissafinsa, ya ga gyaɗa ta fi riba, in kuma kasuwa ta faɗi ya ci abarsa. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda su ka saba da hanyar Gwanja, su ka juya dukiyarsu kan gyaɗa, su ka ba yaransu jari bisa amana, su ka watsa su ƙauyuka. Ba a daɗe ba gyaɗa ta cika tasha har jirgi ya kasa kwashewa. Daga cikin fataken nan ne Alhassan Ɗantata ya fito, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Ka lura, ya kai mai karatu: Gwamnati dogo ta shimfiɗa, sauran aiki jama'a su ka yi, har ma su ka yi abin da Gwamnatin ba ta tsammani.

A zamaninmu ma haka ne. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya soma da Turmin Danya a 1990, da kuɗin 'yan wasa da guminsu, ga shi ya zama sana'ar dubban mutane. Kasuwar hatsi ta Dawanau tana ciyar da ƙasashe maƙwabta. A kasuwar waya ta Farm Centre za ka ga yaro wanda bai gama sakandare ba ya kwance waya ƙirar Sin ya gyara ya mayar. A Ƙofar Wambai ana ɗinka takalma, ana tara tsohuwar roba don a narke a sake ƙera ta. Wane ofis ne ya ƙago waɗannan? Mutanen da su ka iya wannan ba su ne za a tara a rumfa ana koya musu neman na kai ba.

To, in himma na nan, me ya kashe ma'aikatu? Wanda ke son amsa ya je Tudun Murtala, a Ƙaramar Hukumar Nassarawa, ya tambayi dattawa. Unguwar tana maƙwabtaka da Bompai, tsohuwar unguwar ma'aikatu ta Kano, wadda ta riga Sharaɗa da Chalawa kafuwa. A da, da sassafe hanya kan cika da masu kekuna suna tafiya aiki: wannan masaƙa, wancan gidan man gyaɗa, wancan gidan kwano ko alewa ko jima. Albashin mutum guda ya kan ciyar da gida, ya rayar da mai shayi da mai tuwo da tela da mai gidan haya. Yau da yawa daga cikin gidajen nan an rufe, waɗansu kuwa sun zama ɗakunan ajiyar kayan da a ke shigowa da su daga waje. Watau inda a da mu ke ƙerawa, yanzu nan mu ke jibge abin da wani ya ƙera.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga 1949 Hukumar Ciniki ta riƙa sayen gyaɗa a hannun manomi ƙasa da farashin duniya, tana riƙe rarar. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 su ka ƙarasa abin da ya rage, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. A 1986 darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran inji da a ke sayowa waje su ka yi tsada. Wuta ta yi ƙaranci, baƙin mai ya yi wuya, atamfar fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba lalacin ma'aikaci ya kawo shi ba. Saboda haka wanda ya dubi matashin Tudun Murtala ya ce masa malalaci, ya bar jaki yana dukan taiki.

Me ya wajaba hukuma ta yi? Na farko, kuma mafi girma, wuta. Nijeriya mai mutum fiye da miliyan 200 ta daɗe tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 kurum. An sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013, amma duhu bai yaye ba. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu layi na ɗaya zuwa Naira 225 kowane ma'auni. Dubi mai walda. In an kawo wuta da tsakar dare sai ya tashi ya yi aiki, maƙwabta na tsine masa. In ba a kawo ba ya ta da janareta, mai ya cinye ribar. Ƙofar da ya ƙera tilas ta fi ta waje tsada, ba don hannunsa ya gaza ba. Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfin ƙasa irin tamu. Masar ta gina tashoshi uku masu ba da megawat 14,400 tsakanin 2015 da 2018. A nan gida an soma shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano a 2020, mai tsawon kilomita 614, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Uzuri ya ƙare ke nan. A ware layi na musamman ga Bompai da Sharaɗa da Chalawa da rukunonin masu sana'ar hannu, a tabbatar musu da wuta daga safe zuwa magariba. Wannan kaɗai ya fi keke dubu ɗari.

Na biyu, bashi. Banki ba ya ba da rance sai da jingina, jinginar da ya fi so kuwa takardar mallakar fili ce, wadda tun dokar ƙasa ta 1978 sai da sa hannun Gwamna a ke samunta. Gidajen talakawa da yawa awon igiya ne, ba su da wannan takarda. Ga mutum da gida, amma a idon banki ba shi da komai. Ga kuma ruwan da a ke ɗorawa, wanda Musulmi da yawa ke ƙyama saboda addini, wanda ma bai ƙyamace shi ba ba zai iya biya ba. An gwada raba Naira 10,000 ga ƙananan 'yan kasuwa a 2018. Naira dubu goma ba ta sayen injin yankan ƙarfe. Abin da ya dace shi ne a sauƙaƙa takardar fili, a rage kuɗinta, a kuma ƙarfafa bankuna marasa ruwa, irin wanda ya soma aiki a ƙasar nan a 2012, su sayi inji su ba mai sana'a ya biya sannu a hankali, ƙungiyar sana'arsa ta tsaya masa. Wannan ai tsohuwar hanyar Agalawa ce a cikin sabuwar riga.

Na uku, haraji. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin kamfani ga wanda cinikinsa bai kai Naira miliyan 25 a shekara ba, madalla da wannan. Amma mai ƙaramin shago ba harajin kamfani ke damunsa ba. Masu rasit ne ke damunsa: na allon talla, na shara, na wurin zama, na lodi, na sauke kaya, kowa da littafinsa. Direban da ya ɗauko tumatir daga Kadawa zuwa Ikko ya san yawan shingen da zai tsaya. A haɗa su duka su zama haraji guda, a rubuta adadinsa da Hausa a liƙa a kasuwa, a biya a banki. Duk wanda ya zo da wani rasit bayan wannan, a kama shi da laifin sata.

Na huɗu, doka ta tsaya wuri ɗaya. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa kuɗin waje, a watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa. Mutane su ka ci bashi su ka kafa injinan casa a Kano da Kura. A watan Disamba na 2020 aka buɗe iyaka, a 2023 aka ɗage hanin kuɗin waje, a 2024 kuma aka yafe kuɗin fito na wani lokaci ga hatsin da a ke shigowa da shi. Kowane mataki da hujjarsa, na sani, yunwa ba ta jira. Amma inji ba ya biyan kuɗinsa sai bayan shekaru. Wa zai sa dukiyarsa a kasuwar da a ke sauya mudu ana tsakiyar awo?

Wani zai ce, “Ai gara rabon da babu, ko ba komai wata bazawara ta sami abin ciyar da marayu.” Gaskiya ne, ba na kuma hana sadaka. A ba ta, Allah ya ba da lada. Amma a kira abin da sunansa, kada a kira shi tsarin raya ƙasa. In ka raba keke ɗari a unguwa guda, alhali masu kawo ɗinki ba su ƙaru ba, ka raba cinikin tela ɗaya ne gida ɗari. Wani kuma zai ce, “Ai ba mai iya tsere da Sin.” To, ya dubi Bangaladash, ƙasa matalauciya mai cunkoson jama'a. A 1979 wani kamfanin ɗinki na can ya aika da ma'aikata 130 Koriya ta Kudu su koyo aiki. Da su ka komo, mafi yawansu su ka fita su ka kafa nasu. Yau ƙasar na cikin manyan masu sayar wa duniya tufafi. Da a ce kuɗin rumfuna da makaɗa an tura dukawanmu da shi su koyo yadda a ke ɗinka takalmin da Italiya ke yi da fatarmu, da mun ga bambanci.

Ba hukuma kaɗai ke da laifi ba, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Ya ku attajiran Kano, kakanninku tufafi su ke fitarwa, ku kuwa shigowa da su ku ke yi. Ana kai samfurin zanenmu Sin a buga, a kawo mana mu saya. Riba in ta samu sai a gina jerin kantuna, a cika su da kayan wani. Halal ne, ba wanda ya ce haram. Amma kanti na ɗaukar yaro biyu, ma'aikata na ɗaukar ɗari biyu, yaran da ba su sami aiki ba kuwa a ƙofar gidajenku za su zauna. Ku ne Gwamna ke tashi ya tarya. Maimakon neman kwangila, ku haɗa baki ku nemi wuta.

Kai kuma da ka gama ajin yaƙi da jahilci, kana da naka rabon aikin. Karatun nan da ka sha wahala ka samu jari ne. Sayi littafi, ka riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowace rana, ka raba kuɗin sana'a da na cefane. Mai ba da bashi ya fi amince wa littafi bisa ga rantsuwa. Ka shiga ƙungiyar masu sana'arka, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da ke koyon aiki a wurinka, kada ka ɓoye masa sirrin sana'a. Ranar da mai neman ƙuri'a ya zo unguwarku da keke da atamfa, ku karɓe shi da mutunci, ku shimfiɗa masa tabarma, sa'an nan ku tambaye shi: awa nawa za mu riƙa samun wuta, rasit nawa za ka soke, yaushe takardar gidajenmu za ta fito? Ku rubuta amsarsa da kwanan wata, tun da yanzu kun iya rubutu, ku ajiye har ya komo bayan shekara huɗu.

Allah ya ba shugabanninmu ikon gane gaskiya da binta, ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, amin.