Shokozoba, sifirin da rayukan da ke kujerar baya

Duk lokacin da Sallah ko hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, ma'aikatan tarayya 'yan asalin Adamawa kan kama hanyar gida daga Abuja: Keffi, Akwanga, Jos, Bauchi, Gombe, sannan Kaltungo da Cham zuwa Numan, kafin a shiga Jimeta. Tafiya ce ta yini guda cur, kuma motar ba ta yin ta fayau. Iyali na kujerar baya, buhun shinkafa da akwatuna na cikin but. Kafin a tashi akan yi juyen baƙin mai, a duba birki da taya. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne lafiyar ƙafar baya, wato sifirin da shokozoba da bushin da ke ɗauke da wannan nauyi duka. Sai an iso Bekaji, bayan mota ya zauna, ana jin ƙwanƙwasa a kowane rami, sannan a nemi bakanike. Shi kuma zai yi tambayar da aka saba: na kamfani za a sa, ko Beljiyam, ko mai sauƙin kuɗi?

Tambayar farashi ce zalla, alhali ba da ita ya kamata a fara ba. Mutanen da suka fi kowa sanin haka su ne masu tseren mota na gajeren zango a Amurka, inda motoci biyu ke tashi daga tsaye su miƙe tsawon mita 402. A wannan wasa, ƙafar baya ce ke yanke hukunci. Da zarar direba ya taka totur, nauyin mota kan koma baya, kuma aikin sifirin da shokozoba da sandunan da ke riƙe gatarin baya shi ne su danne taya a ƙasa daidai gwargwado. In sun yi tauri da yawa, taya ta yi ta tsalle tana juyi a banza. In sun yi laushi, mota ta durƙusa, ƙarfin inji ya tafi a iska. Shi ya sa mai tsere ba ya sayen komai sai ya ɗora motarsa a kan sikeli, ya san nauyin da ke kan kowace taya, ya san ƙarfin injinsa da irin shimfiɗar da zai taka. Bayan ya san waɗannan ne yake tambayar kuɗi.

Akwai kuma tsari a bayan wannan sani. An kafa ƙungiyar NHRA a 1951 a Kaliforniya domin a janye matasa daga tsere a kan titunan jama'a zuwa filin da aka keɓe, mai alƙalai da masu duba mota kafin ta shiga layi. Da direba Scott Kalitta ya rasu a 2008, sai aka rage zangon motocin da suka fi gudu zuwa kimanin mita 305. Mutuwar mutum ɗaya ta isa a sauya doka.

Wannan ba kira ba ne ga mai Corolla ko Camry ya nemi kayan tsere. Kayan da aka ƙera domin miƙaƙƙiyar hanya mai santsi, marar kwana, marar rami, ba su da amfani tsakanin Cham da Numan, ƙila ma su jawo haɗari. Samarin da ke wasan mota a bikin aure, waɗanda ke sa a yanke sifirin ko a gasa shi da wutar walda don mota ta kwanta kamar ta cikin bidiyo, kamanni kawai suka kwaikwaya. Ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙwarinsa, kuma ba ya sanarwa kafin ya karye. Abin ɗauka daga masu tsere shi ne tsarin tambayarsu: wane nauyi, wace hanya, wane aiki.

Adamawa ma tana da nata injiniyoyin ƙafar baya. Duk wanda ya ga ƙananan motocin Starlet da ke jigilar mutane da kaya zuwa garuruwan kan iyakar Kamaru ya ga yadda kanikawa ke ɗaga bayansu har su yi kamar suna ruku'u in babu kaya. Basira ce da larura ta haifa, ba a raina ta. Sai dai ɗaga mota daban, ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya daban. Robar da ake cusawa tsakanin zoben sifirin tana ƙara tsayi, amma birki da taya da gatari suna nan a kan iyakar da kamfani ya rubuta a jikin ginshiƙin ƙofar direba, rubutun da masu mota da yawa ba su taɓa karantawa ba.

Yanzu ga wani sabon nauyi ya shigo. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ma'aikata da dama a Abuja sun mayar da motocinsu masu amfani da iskar CNG. Tukunyar ƙarfen da ake ɗaurawa a but tana iya kai nauyin babban mutum, kuma fasinja ce da ba ta sauka. A ƙara mata mutum uku da buhu biyu a kan shokozobar da ta riga ta gaji, sai lissafi ya ɓaci. Bayan mota ya zauna, fitilun gaba su ɗaga su kashe wa mai tahowa ido. Tayar baya ta riƙa rabuwa da kwalta a kan gargada, birki ya ƙara nisan tsayawa, a kwana kuma bayan ya nemi wuce gaba. In abin ya faru, sai a ce gudu ne ko fashewar taya, domin ba kowa ke leƙa ƙarƙashin motar da ta wuntsila ba.

Za a ce albashi ba ya kaiwa, kuma gaskiya ne. Tun tsarin mayar da alawus kuɗi na 2003, mafi yawan ma'aikata da aljihunsu suke kula da motocinsu, ga faɗuwar darajar naira ta ɗaga farashin duk abin da ake shigowa da shi. Amma tsohuwar shokozoba da aka wanke aka fesa wa fenti, babu mai iya ganin cikinta, kuma wanda ya saye ta sau uku a shekara ya biya kuɗin sabuwa har da riba. Haka ma sauya ɓangare ɗaya a bar ɗayan: mota takan koma tafiya da ƙafa mai ƙarfi da ƙafa gurguwa. Bibbiyu ake sauya su.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce, ko mai niyyar sayen nagari ba shi da tabbacin samunsa. Kwali mai sunan KYB ko Monroe ba ya nufin abin da ke ciki nasu ne. Kayan kan taso daga Ladipo a Legas ko Nnewi, su bi ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Apo a Abuja, kafin su isa kantin Jimeta, kuma a kowane zango jabu na iya shiga sahu. Bakanike a Bekaji ba shi da na'urar gwaji, hannu da kunne kawai gare shi. A nan ne maganar ta dawo kan teburin masu karatu. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON, tana da tsarin SONCAP tun 2005 domin tantance kaya kafin su shigo ƙasa. Akwai Hukumar Kwastam a tashoshin ruwa, akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988, akwai jami'an VIO a jihohi. Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gwajin lafiyar mota da ke girgiza ƙafa da gaske kafin a ba da takardar shaida, da rahoton haɗari da ke faɗin ɓangaren da ya gaza, da hanyar da mai saye zai tabbatar da kaya kafin ya biya, kamar lambar kankarewa da ake samu a kwalin wasu magunguna.

Hadimai da jami'an sufuri na ma'aikatu kuwa ba sai sun jira wata hukuma ba. Motocin Hilux da Prado na ayarin manya suna cin hanya fiye da na kowa, sau da yawa da jami'an tsaro a baya, kuma direba da ɗan sandan da ke ciki ba su ne ke zaɓen kayan gyara ba. Takardar biyan kuɗi da ta ce "gyaran ƙafa" kawai bai kamata ta wuce teburin kowa ba. A rubuta sunan kamfani da lambar kaya, a rubuta nisan da mota ta yi a ranar gyara, a kuma dawo da tsohon da aka cire zuwa sito kafin a sa hannu.